Jadawalin barcin jarirai: abin da kimiyya ta faɗa da abin da aka ɗora mata

Duk wanda aka yi wa haihuwa a 'yan shekarun nan, kuma yana da waya mai intanet, ya san wannan ruɗanin. Wani shafi zai ce kada ku kuskura ku tayar da jariri mai barci, wani ya ce ku tashe shi da zarar barcin rana ya wuce awa biyu. Wata mai kiran kanta ƙwararriyar barci a Instagram za ta ce ɗan wata huɗu kada ya wuce awa biyu ido biyu. Likita a Amurka ya ce kada jariri ya kwana gado ɗaya da uwarsa, ungozoma a Ingila ta ce ana iya yi in an kiyaye wasu sharuɗɗa, kakar yaro kuma ta ce ita duk 'ya'yanta a gefenta ta raine su, ga su nan da ransu.

Saɓani tsakanin masana ba abin kunya ba ne, da shi ilimi ke ci gaba. Abin da ya cancanci suka shi ne yadda littattafan raino da shafukan sada zumunta ke yi wa shawarwarin nan kuɗin goro. Akwai abin da bincike ya tabbatar yana ceton rai. Akwai matsakaicin lissafi da aka mayar doka. Akwai kuma al'adar wata ƙasa da aka sa wa rigar kimiyya. Duka ukun da murya ɗaya ake faɗa muku su, da tabbaci iri ɗaya, har uwa ta kwana tana lissafin mintocin barcin rana alhali ba wanda ya gaya mata yadda ya kamata ta kwantar da ɗan. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Daga ina lambobin suka fito?

Ku ɗauki jadawalin nan da ke cewa ɗan wata 6 yana buƙatar barcin awa 14. Lambar ba ƙarya ba ce. A 2003, Ivo Iglowstein da abokan aikinsa a asibitin yara na Jami'ar Zurich, a Suwizalan, sun wallafa sakamakon bin diddigin yara 493 tun suna jarirai har suka kai shekara 16. Matsakaicin barcin ɗan wata 6, dare da rana, ya kama awa 14.2. To amma yaran, waɗanda lafiyarsu ƙalau, sun bazu daga kusan awa 10 har zuwa awa 18. Wato jarirai biyu da aka haifa rana ɗaya na iya samun bambancin awa takwas cur, kuma babu mai matsala a cikinsu. Masu jadawali sai suka ɗauke lambar tsakiya, suka zubar da sauran.

Hukumomin da suka fi sanin aikinsu ba sa yin haka. A 2016, ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce awa 12 zuwa 16 ga ɗan wata 4 zuwa 12, har da barcin rana, sannan awa 11 zuwa 14 ga ɗan shekara 1 zuwa 2. Game da 'yan ƙasa da wata 4 kuwa, ta ƙi ba da lamba kwata-kwata, saboda bambancin da ke tsakanin lafiyayyun jarirai ya yi faɗi sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da awa 14 zuwa 17 ga wannan rukuni. Kun ga ko manyan hukumomin ba su daidaita kan mafi ƙanƙantar jarirai ba, amma manhaja a wayarku za ta ce muku ɗan mako shida ya kwanta da ƙarfe 9:40.

Akwai wani nazari da ya kamata duk mai rubuta shawarar barci ya karanta. A 2012, Lisa Matricciani da abokan aikinta a Jami'ar Kudancin Ostireliya sun tattaro shawarwari 32 da aka bayar kan barcin yara tsakanin 1897 da 2009. Suka tarar cewa a kowane zamani, abin da masana ke cewa yara su yi ya ɗara abin da yaran ke yi da kusan minti 37. Barcin yara na raguwa, shawarar ma na raguwa, tazarar tana nan yadda take. Kusan dukkan shawarwarin ba su da hujjar gwaji a bayansu, kuma kowane zamani ya ɗora laifin kan fasahar da ake yayi, daga wutar lantarki da rediyo zuwa talabijin da intanet. Fiye da shekara ɗari ke nan ana gaya wa iyaye cewa barcin 'ya'yansu bai isa ba.

Tazarar farkawa da barcin rana

Abin da ya fi tashe yanzu shi ne abin da za mu iya kira tazarar farkawa: wai kowane wata na rayuwar jariri yana da adadin mintocin da ya kamata ya zauna ido biyu, in an wuce su, barcin ya lalace. Akwai ƙwayar gaskiya a ciki. Tun 1982 Alexander Borbély ya bayyana cewa abu biyu ke juya barci. Na farko nauyin barci ne da ke taruwa muddin mutum yana farke. Na biyu agogon jiki ne da ke bin haske da duhu. A jariri, nauyin barcin yana taruwa da sauri, shi ya sa yake buƙatar barcin rana. Agogon jikin kuwa ba a haifarsa da shi a saite. Sinadarin melatonin ba ya fara bin tsarin dare da rana sai wajen wata 2 zuwa 3. Don haka ɗan mako uku da ke raba dare ido biyu bai lalace ba, agogonsa ne bai gama haɗuwa ba.

Daga wannan gaskiyar zuwa jadawalin minti-minti akwai tafiya mai nisa, kuma ba bincike ne ya cike ta ba. Ku jera jadawalin mutum uku daga cikin masu sayar da wannan shawara, za ku ga lambobinsu ba su zo ɗaya ba, kuma da wuya ku ga wanda ya nuna muku gwajin da ya samo nasa. Haka batun barcin minti 40 da suke kira barcin banza. Zagayen barcin jariri minti 50 zuwa 60 ne, na babba kuma kusan minti 90. Jaririn da ya farka bayan minti 45 ya kusa kammala zagaye guda ne kawai. Kusan rabin barcin sabon haihuwa ma barci ne mai motsi, yana nishi, yana murmushi, yana wutsil-wutsil da ƙafa, har a zaci ya farka a ɗauke shi alhali barcinsa yake.

Barcin rana yana da amfani, wannan kam an gwada. A 2015, Sabine Seehagen da abokan aikinta sun nuna wa jarirai 'yan wata 6 da 'yan wata 12 wasu motsi da 'yar tsana. Waɗanda suka yi barcin aƙalla minti 30 cikin awa huɗu bayan nan sun tuna abin da aka nuna musu, waɗanda ba su yi ba kuwa ba su tuna ba. Ku lura: minti 30, a kowane lokaci cikin awa huɗu. Ba a ce sai ƙarfe kaza ba, ba a ce sai a ɗaki mai duhu ba. A shekarar dai, Karen Thorpe da tawagarta a Ostireliya sun duba bincike 26, suka ga cewa bayan shekara 2, barcin rana yana tafiya tare da jinkirin barcin dare. Saboda haka mai cewa barcin rana na gyara na dare da mai cewa yana ɓata shi, kowanne yana magana ne a kan yaro mai shekaru daban, sai dai ba su gaya muku ba.

Barci har safe: burin wa?

Littattafai irin The Contented Little Baby Book na Gina Ford, wanda ya fito a Birtaniya a 1999, sun gina kasuwarsu kan alkawarin cewa in kun bi tsari sau da ƙafa, jariri zai riƙa kwana har safe tun yana 'yan watanni. A 2018, Marie-Hélène Pennestri ta Jami'ar McGill a Kanada ta duba jarirai 388. A wata 6, kashi 38 cikin 100 ba sa yin awa shida a jere, kashi 57 ba sa yin awa takwas. A wata 12, kashi 28 da kashi 43 ke nan. Ba ta ga wata alaƙa tsakanin farkawar dare da ci gaban ƙwaƙwalwa ko motsin jikin yaran ba. Abin da ta gani shi ne masu farkawar sun fi zama masu shan nono. Abin da kusan rabin lafiyayyun jarirai ke yi, ta yaya ya zama cuta?

Shi kansa lokacin kwanciya al'ada ce. Jodi Mindell da abokan aikinta sun tambayi iyayen yara fiye da 29,000 a ƙasashe da yankuna 17, suka wallafa a 2010. A New Zealand ana kwantar da yara wajen ƙarfe 7:30 na yamma, a Hong Kong sai bayan ƙarfe 10 na dare. Kwana gado ɗaya da iyaye bai kai kashi 6 cikin 100 ba a New Zealand, a Vietnam ya haura kashi 80. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikin jerin. Jadawalin da ke yawo a wayoyinmu an rubuta shi ne don gida mai ɗakin jariri na daban, da labule mai toshe haske, da wutar da ba ta ɗaukewa, da uwar da za ta koma ofis bayan 'yan makonni ba tare da kaka ko ƙanwa a kusa ba. Buƙatarta ta gaske ce, amma ba dokar halitta ba ce. Jaririn da ke barcin rana a goye, uwar na daka ko tana kasuwa, barci yake yi.

Wahalar kuma tana komawa kan uwa. A Jami'ar Swansea, Victoria Harries da Amy Brown sun tambayi iyaye mata 354 game da amfani da littattafan tsari mai tsauri. Fiye da rabi sun ce littattafan sun ƙara musu fargaba, kuma yawan amfani da su ya tafi tare da alamomin damuwa. Binciken bai nuna wanne ya haifar da wanne ba, don mai yiwuwa uwar da ke cikin damuwa ce ta fi neman littafin. Duk da haka, mai sayar da alkawarin da yawancin jarirai ba za su cika ba ya san wa za a zarga in abin bai yi ba.

A bar shi ya yi kuka, ko a ɗauke shi?

Nan ne faɗan ya fi zafi, kuma nan ne kowane ɓangare ya fi wuce hujjarsa. Shawarar barin jariri ya yi kuka har ya gaji ta daɗe, tana cikin littafin likita Luther Emmett Holt na 1894. A 1985, Richard Ferber na asibitin yara na Boston ya fito da salo mai sauƙi: a leƙa jaririn lokaci-lokaci, ana ƙara tazarar a hankali. Su William Sears kuma suka tsaya a ɗaya gefen, suna cewa a amsa kukan, a kwana kusa da ɗan.

Masu cewa horon barci na lalata ƙwaƙwalwa sukan jingina da binciken Wendy Middlemiss na 2012, wanda ya auna sinadarin kotisol, alamar takurar jiki, a jarirai 25 a wata cibiya a New Zealand. Jarirai 25, a baƙon wuri, babu rukunin da za a kwatanta su da shi. Wannan bai isa a tsorata uwa da shi ba. Gwaje-gwajen da aka raba iyalai ta hanyar ƙuri'a ba su ga illa ba. A Melbourne an fara da jarirai 326 'yan wata 7, aka koma musu suna shekara 6, ba a ga bambanci a halayyarsu ko shaƙuwarsu da iyaye ba. Ba a kuma ga wani amfani mai ɗorewa ba, rabin sakamakon da masu tallar horon ke mantawa da shi. Michael Gradisar a Adelaide ya sami irin wannan a 2016, amma da jarirai 43 kacal.

Mafi ban sha'awa shi ne gwajin Wendy Hall a Kanada a 2015, da iyalai 235. An ɗaura wa jariran wata ƙaramar na'ura mai auna motsi. Iyayen da aka koya wa horon sun ce farkawar dare ta ragu, sun kuma fi samun hutu. Na'urar kuwa ta nuna yawan farkawar bai canza ba. Jariran suna farkawa, sun dai daina kira. Ga uwar da rashin barci ke neman kayar da ita, wannan ma riba ce, kuma ba wanda ya isa ya ga laifinta. Amma a kira abin da sunansa. Sannan ku lura cewa duk waɗannan gwaje-gwajen da 'yan wata 6 zuwa sama aka yi su. Pamela Douglas da Peter Hill sun duba binciken da aka yi kan 'yan ƙasa da haka a 2013, ba su ga wata fa'ida ga uwa ko ɗa ba.

Inda hujja ta fi ƙarfi

Akwai shawara ɗaya da babu jayayya a kanta: a kwantar da jariri rigingine, a kowane barci, na dare da na rana, har ya cika shekara. Tarihinta darasi ne. Benjamin Spock, likitan da littafinsa na raino ya shiga miliyoyin gidaje, ya ba da shawarar rub-da-ciki a bugun 1958, don gudun kada jariri ya ƙware da amai. Magana ce da ta shiga hankali, kuma ba a gwada ta ba. A 2005, Ruth Gilbert da abokan aikinta sun nuna cewa tun 1970 akwai hujjar da ta isa a gane haɗarin, suka ƙiyasta cewa jinkirin ya ci ran jarirai fiye da 10,000 a Birtaniya, da aƙalla 50,000 a Turai da Amurka da yankin Ostireliya. Birtaniya ta fara yekuwar kwanciyar rigingine a 1991, Amurka a 1994, kuma mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi.

Tsoron ƙwarewa da tumbuɗi, wanda har yau shi ke sa iyaye da yawa kifa jariri, bai dace da ginin jiki ba. In yana rigingine, hanyar numfashi tana saman hanyar abinci, don haka abin da ya taso yakan koma inda ya fito. Kwanciyar gefe ma ba mafita ba ce, don cikin sauƙi yake birkicewa ya kife. Rub-da-ciki na lokacin da yake ido biyu ne, ana kallonsa. In ya kai yana juyawa da kansa ta kowane gefe, sai a bar shi yadda ya zaɓa.

Ku kuma yi hattara da kayan da ake sayarwa da sunan gyara barci. A 2019 aka janye kujerar barcin Rock 'n Play ta kamfanin Fisher-Price, guda miliyan 4.7, bayan rahoton mutuwar jarirai fiye da 30, kuma a 2022 Amurka ta haramta irin waɗannan makwantai masu gangara. Kayan da aka hana a can sukan ɓulla a kasuwannin gwanjo.

Batun kwana gado ɗaya shi ne saɓani na gaske. A 2013, Robert Carpenter ya ga haɗarin ya ninka kusan sau biyar ga 'yan ƙasa da wata 3, ko da iyayen ba sa shan taba. A 2014, Peter Blair ya ga cewa in an cire taba da giya da kujerar kushin, ƙarin haɗarin bai fito fili ba. Barci da jariri a kan kushin kuwa ya ninka shi sau 18. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce ɗaki ɗaya, makwanci daban, aƙalla wata 6. Birtaniya tun 2021 ta ce ma'aikatan lafiya su koya wa iyaye yadda za a rage haɗarin, su kuma hana shi sam in jaririn an haife shi da ƙarancin nauyi, ko wani a gadon yana shan taba, giya, ko maganin da ke sa barci. A ganina hanyar Birtaniya ta fi amfani ga gidan da ɗakinsa ɗaya, gidan sauro ɗaya, domin hani zalla ba ya ba wannan uwar komai sai jin laifi.

Sai dai hujjar "haka aka raine mu" ita ma ba ta tsira ba. Waɗanda suka rayu ne ke ba da labari. A wajenmu jaririn da aka wayi gari babu shi, a ranar ake binne shi, ba a cika bincikar sanadi ba, don haka rashin lissafi ba ya nufin rashin matsala. In jariri zai kwana gefen uwa, shimfiɗar ta zama mai tauri wadda ba ta lotsawa, babu matashi ko bargo kusa da fuskarsa, babu yayye a gefensa, babu jibga masa kaya da sunan hunturu, babu gawayi ko hayaƙi a rufaffen ɗaki. In a goye yake barci, fuskarsa ta kasance a buɗe, haɓarsa ba ta danne ƙirji ba, mayafi ko hijabi bai lulluɓe shi ba.

Lokacin da barcin ne abin tsoro

Maganar "kada a tashi jariri mai barci" tana da iyaka. Sabon haihuwa yana buƙatar nono sau 8 zuwa 12 a awa 24, kuma har ya maido nauyin da aka haife shi da shi, yawanci cikin mako biyu, a tashe shi in ya kai awa uku zuwa huɗu bai sha ba. Jaririn da ya yi laushi, ba ya motsi sai an taɓa shi, ya ƙi nono, jikinsa ya yi zafi ko sanyi, numfashinsa na sauri, ko idonsa da tafin hannunsa sun yi rawaya, asibiti yake buƙata a ranar. Babu jadawalin da ya kamata ya sa ku murnar cewa yau kam ya yi barci da yawa. Kada kuma a ba shi maganin tari ko na mura don ya yi barci. Hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba wa 'yan ƙasa da shekara 2 maganin promethazine, wanda aka fi sani da Phenergan, saboda yana iya tsayar da numfashi.

Don haka in wata sabuwar shawara ta faɗo wayarku gobe, ku tambaye ta: a kan jarirai 'yan wata nawa aka gwada, su nawa ne, me zai faru in ba a bi ba, kuma me mai maganar ke sayarwa? In amsar ita ce ɗanku zai yi rigima da yamma, kuna da damar gwadawa ko ku bari, gwargwadon yadda gidanku yake. In amsar ta shafi numfashinsa, ku bi, ko da kaka ba ta so, ku kuma zauna ku yi mata bayanin dalili, tunda sau da yawa ita ce ke kwantar da shi da rana.